Wane Ne An?

Ranar da jikana ya shigo gidan nan da tef ɗin awo rataye a wuya, fensir a bayan kunne, yana tafe yana kallon sama kamar wanda shaho ya ɗauke wa hula, sai na jingine tsintsiya na zauna, don na san da magana.

Ɗan 'yata ne, ƙato, mai tumbin da ke riga shi shiga ɗaki. Ya taɓa ɗan zama wurin masu gyaran famfo, kafin ya iya riƙe sifana ya dawo gida ya ce daga yau a kira shi Injiniya. Mutanen layinmu kuwa ba su da sana'ar da ta wuce zuga, suka karɓa.

"Kaka," ya ce, "na zo in raba ki da wahala."

"Tafiya za ka yi?"

"Kai, tsohuwar nan! Tsaya ki ji. Kin ga tankin can?" Ya nuna baƙin tankin roba da kawunsa ya kawo min tuntuni, aka girke shi a tsakar gida kaji na ɓuya a bayansa. "Ni zan ɗora shi a saman shago. Ni zan ja tiyo daga famfon ƙofar gida in cika shi. Ni zan sauko da bututu har kicin ɗinki. Ke da ɗaukar bokiti har abada. Na auna, na tsara, na gama komai a nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa.

"Na ji yadda wurin ya amsa," na ce. "Akwai fili. Me kake so?"

"Mukullin shago."

Shagon kakansa ne marigayi, yana jikin gidan, ƙofarsa na kallon titi, rufinsa na siminti. Tun da maigidan ya rasu na kulle shi, na ɗaure mukullin a bakin zanena. Telan da ke ɗinki a rumfa gefen ƙofarmu ya daɗe yana lallaɓa ni a kansa, yana yi min facin kaya ba tare da na roƙa ba, ban ba shi ba. Yanzu ga wannan yana so ya buɗe wurin gyaran famfo.

Uwarsa da ta biyo shi ta durƙusa. "Inna, ki gwada shi ko sau ɗaya ne. Yaron nan dama kawai ya rasa."

"Yaron da ya fi ki gemu? To, na ji. Ranar da na murɗa famfo a kicin ɗina ruwa ya zubo a tukunyata, mukulli nasa ne. In bai zubo ba, kada wanda ya ƙara yi min maganar shago."

"Fara kwance shi, Kaka," in ji Injiniya, "kada ƙullin ya ba ki wahala ranar."

Da safe ya je aron tsani wurin Tela. Tela ya ba shi da saurin da ya sa na zarge shi, har da riƙa masa ya ɗora a kafaɗa. "Allah ya ba da sa'a, Injiniya," ya ce, da muryar wanda ya je duba mara lafiya.

Ina zaune a dakali ina kallo. Wani mai wucewa ya gaishe shi da sunan nan da yake so, shi kuwa ba ya barin irin wannan gaisuwa ta faɗi ƙasa. Ya juya ya amsa, gindin tsanin ya bi shi, sai ji muka yi tartsatsa, gilashin tagar maƙwabciyata ya zube. Ya juyo ya ga abin da ya faru, kan tsanin ya kwashe allon Tela mai hoton riga da wando.

Maƙwabciyar nan bango ɗaya ya raba mu. Rediyo ake ce mata, don ba a taɓa gano inda ake kashe ta ba. Ta fito tana gyara ɗaurin kallabi.

"Wane mara mutuncin ne ya fasa min taga?"

"An ɗan taɓa ta ne, Gwaggo," in ji jikana.

"Allona fa?" in ji Tela.

"Shi ma an goge shi kaɗan. Dama ba a kafa shi da kyau ba."

Na ce, "Zo nan. Wane ne An?"

"Wa?"

"An ɗin da ya taɓa taga. Ɗan wane gida ne? Ina zaune a nan ban ga shigowarsa ba."

"Kaka, ai salon magana ne. Ke da ba ki yi makaranta ba…"

"Ban yi ba. Shi ya sa nake tambayar masu ilimi."

Ni dai ban san baƙi ba, amma kunnena lafiya lau yake. Tun yaron nan yana tatata haka bakinsa yake. In ya ci jarabawa, na ci. In ya faɗi, an kayar da mu. In abu ya yi kyau, da ƙirji yake shigowa, na yi, na kawo, na gyara. In ya lalace, sai wani bawan Allah wai shi An ya ɗauka. Kofuna nawa An ya fasa a gidan nan, ni kaɗai na sani.

Washegari aikin huda bango. Ya shiga kicin da guduma da wani ƙaton ƙarfe mai tsini, ya kore ni waje, ya ce ƙura ba ta da kyau ga tsofaffi. Ya auna da tef, ya yi zane da fensir, ya goge da yawu, ya sake aunawa. Ya yi ta dukan bango har tukwanena suna rawa a kan kanta. Da ƙarfen ya faɗa, ya yi kabbara ya kira mu.

"Ku zo ku ga aikin hannu! Na huda shi tsaf, ko zare ban kauce ba."

Ya durƙusa ya saka ido a ramin. Sai na ga ya janye kai da sauri.

"Me ka gani?"

"Ido," ya ce a hankali.

"Sannu da aiki, ɗana," in ji muryar Rediyo daga cikin ramin.

Bangon tsakar gida zai huda, ya huda na ɗakin kwanan mutane. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"An juya awon."

"Ya sake zuwa ke nan?" na ce. "Kai, An ɗin nan ba ya hutawa. Ko za a zuba masa abinci?"

"Yanzu zan liƙe shi da siminti."

"A'a, a'a, bar shi!" in ji Rediyo. "Wallahi iska mai daɗi ke shigowa. Na ma yafe gilashin."

Daga ranar ba ni da sirri a kicin ɗina. In na ce wa 'yata gishiri ya yi yawa, kafin in sauke tukunya an sani a bakin titi. Na cusa tsumma, ta turo shi da muciya. Ya huda ɗaya bangon, wannan karon daidai, ya zagaya layi yana ba da labari ya huda bango bugu ɗaya.

Sai ɗora tanki. Maza suka ce za su kama masa, ya ce a'a, aikin lissafi ne ba na ƙarfi ba. Ya mirgino tankin waje, ya ɗaure masa igiya a wuya, ya hau rufin shago ya fara ja. Gaskiya ba zan ci haƙƙinsa ba, yana da ƙarfi. Tanki ya tashi daga ƙasa, yana lilo, yana hawa, har ya kusa kai baki. Jama'a suka taru. Shi kuwa da ya ga jama'a sai ya fara bayani, yana haki yana koyar da su yadda nauyi ke bin igiya.

Tela ya ɗago daga kan kekensa, da fuskar nan tasa ta salihai.

"Injiniya, wai famfon da za ka sa wa Hajiya, kamar yaya girmansa?"

"Famfo? Kamar haka!" Ya ware hannu biyu.

Tankin ya dira da wata ƙara kamar an buga ganga, ya yi tsalle, ya ɗauki hanya. Layinmu kuwa gangare ne. Ya bi ta kan tiren mai lemo, ya kori wata akuya har cikin shagon aski, mai askin ya fito da reza a hannu, wanda ake wa askin ya biyo shi da rabin kai. Tanki dai bai tsaya ba sai da ya sami kwata ya kwanta.

Na ɗaga kai. Jikana na tsaye a kan rufi, hannuwansa har yanzu a ware.

"An saki igiya," ya ce.

"Kai da wa kuke sama?"

"Ai igiyar ce, Kaka, an yi ta da santsi."

Mai rabin aski da abokansa ne suka turo tankin, suka ɗaga shi da hannu suka miƙa sama don kada ya sake bin su. Da yamma na ji jikana a bakin rumfar Tela yana gaya wa wani baƙo, "Ni kaɗai na ɗora shi. Dabara ce kawai."

Uwarsa ta same ni a ɗaki. "Inna, kin ga dai ya hau."

"Na ga ya sauka ma."

Ya yi kwanaki yana jona bututu, daga tanki ya bi bango, ya ratsa tsakar gida, ya shiga kicin, ya wuce ta gaban ramin Rediyo, ya ƙare a wani famfo mai kan zinare, sai ƙyalli yake. Ya ja tiyo ya cika tanki. Da na ce to a murɗa mu gani, sai ya ce ba a haka ake buɗe babban aiki ba. Ya bi gida-gida ya gayyato mutane. Ya jera kujeru a tsakar gidana ba da izinina ba. Ya karɓo ƙyalle ja wurin Tela ya ɗaura wa famfon a wuya kamar ɗan akuya.

Ranar, gidan ya cika har zaure. Rediyo kaɗai ba ta zo ba, ta aiko cewa daga inda take ta fi ji sosai. Jikana ya sha farar riga, ya tsaya a ƙofar kicin ya yi jawabi. Ni na hango, ni na tsara, ni na hana kaina barci, ni ne na ce tsohuwar nan ba za ta mutu da bokiti a hannu ba. Na so in ƙirga ni ɗin, yatsuna suka ƙare har na ƙafa.

"Yanzu ina gayyatar kakata ta buɗe aikina."

Na tashi, na ajiye tukunyata a ƙarƙashin famfo, na murɗa.

Famfo ya yi tari. Ya yi shiru. Ya yi wani gurnani daga can ciki, ya sake tari, sannan ya tofo kyankyaso guda ɗaya a tukunyata. Kyankyason ya tsaya ya dube mu, ya haura ya tafi abinsa.

"Ma sha Allah," in ji Tela. "Da rai ma yake zuwa."

"An toshe wani wuri," in ji jikana, gumi na bin wuyansa. "Kowa ya zauna. Yanzun nan."

Ya fita titi ya taka tsani, jama'a suka bi shi waje, don ba wanda zai zauna a kujera ana abin kallo a sama. Ya buɗe murfin tanki ya leƙa.

"Na gano! An cusa tsumma a bakin bututu ta ciki!"

"Wane irin tsumma?" na ce.

Ya ƙara cusa kai a tankin.

"Ba singiletinka ba ce da ka ce ka toshe don kada ƙura ta shiga?" in ji uwarsa, baiwar Allah, tana ganin taimakonsa take yi.

Hannunsa bai kai ba. Ya tuɓe farar rigar, ya zura ƙafafu a bakin tankin, ya shanye tumbi, ya yi ta murɗawa har nauyinsa ya ja shi ya faɗa ciki tsundum. Muka ji yana fafutuka kamar an jefa ɗan maraƙi a rijiya. Can sai hannu ya fito riƙe da jiƙaƙƙiyar singileti.

"Na ciro! Kaka, kwance mukulli!"

Ruwa kuwa ya taho. Mun ji saukowarsa a bututu, gudu-gudu. Abin da ba mu sani ba, gwangwanin gam ɗin da ake liƙe mahaɗar bututu yana nan a kan tagata, ko buɗe shi ba a yi ba. Mahaɗar farko ta fice ta yi wa mai lemo wanka. Ta biyu ta tashi a tsakar gida, ruwa ya yi sama ya sauko kan kujeru, kaji suka haye katanga. Ta uku kuwa, wadda ke daidai ramin nan na kicin, ita ce ta fi ba ni sha'awa. Sai muka ji ihu daga gidan maƙwabta. Rediyo ta fito a guje, kallabi a hannu, tana karkata kai tana bubbuga kunne.

"Wayyo kunnena! Ya shiga ta nan ya fita ta nan!"

"Yau kam kin ji labari har ƙasansa," na ce.

Jikana ya yunƙuro zai fito. Kai ya fito, kafaɗu suka fito, ƙirji ya fito. Tumbi ya ce shi bai san zancen ba. Ya yi sama, ya ƙi. Ya yi ƙasa, ya ƙi. Ga shi nan a saman shago tsakar rana, rabi mutum rabi tanki, layi guda na kallonsa.

"Jama'a! An maƙale!"

Maza suka nufi tsani. Na riga su, na ɗora hannu a kai.

"Ku dakata. Wa ya ce ya maƙale?"

"Kaka, an maƙale, wallahi!"

"Allah sarki, An. Yau dubunsa ta cika. To, ku watse, ba ɗan gidan nan ba ne. Danginsa sa zo su cire shi. Tela, ɗauki tsaninka."

"Dama ina da buƙatarsa," in ji Tela, har ya kama.

"Inna, don girman Allah," in ji uwarsa, "rana fa!"

"Rabinsa a ruwa yake, ba abin da zai same shi. Ni jikana nake nema. In yana sama, ya yi magana."

"Kaka, robar nan zafi take yi!"

"Wa take ƙonawa?"

Ya dubi titi. Har masu babur sun tsaya. Mai rabin askin nan, da yanzu kansa ya cika, ya jawo benci ya zauna.

"Ni," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

"Kunnena ya tsufa."

"Ni! Ni na maƙale!"

Layi ya ɗauki tafi. Na ɗaga hannu aka yi shiru, don ban gama ba.

"Tagar Gwaggonka fa?"

"Ni na fasa."

"Allon Tela?"

"Ni ne."

"Bangon mutane?"

"Ni na huda. Kaka, cikina!"

"Igiya?"

"Tela ne ya tambaye ni…"

"Tela, tsani."

"Ni na saki! Ni na saki! Singileti ma tawa ce, gam ma ni na manta, kofunanki ma duk ni ne, har agogon Kaka marigayi da aka ce kyanwa ce!"

Wannan ban ma tambaya ba. Uwarsa ta dafe ƙirji, don ita ta raka kyanwar nan da tsintsiya har bakin titi.

Na saki tsani. Aka hau da bokitin ruwan sabulu aka zuba masa a kewayen tumbi, maza biyu suka kama hannuwa, suka ja, suka sake ja. Ya fito da wata ƙara kamar an cire murfin kwalba. Wandon dai ya zaɓi zama a tanki. Mata suka juya baya suna leƙe ta gefen mayafi, Tela ya jefa masa wani yadi mai furanni da wata ta kawo ɗinki, ya ɗaura ya sauko yana ɗiga.

Na koma ciki na tattare zane, ina taka ruwa har idon sawu. Ya biyo ni kicin, jama'a na biye da shi. Tukunyata na yawo a ƙasa, cike taf, ruwan bango ya cika ta. Famfon mai kan zinare kuwa ko ɗigo. Sai na ga idon ja'irin ya yi haske. Ya gyara ɗaurin yadinsa, ƙirjin nan ya fara dawowa.

"Kaka, tsaya. Jama'a ku shaida. Kin murɗa famfo?"

"Na murɗa."

"Ga ruwa a tukunya?"

"Ga shi har a ɗakin kwanana."

"To alhamdu lillahi, na cika alkawari. Na kawo ruwa gidan nan, wanda ma ya fi wanda aka nema." Ya miƙo hannu. "Maganar mukulli fa?"

Na kama bakin zanena, na dubi ƙullin, na ƙara masa wani a kai, na ja da haƙori.

"An fasa," na ce.

"An fasa? Kamar yaya an fasa? Wa ya fasa?"

"Au, ashe kai ma ka iya tambayar?" Na jawo kujera 'yar tsugune daga cikin ruwan na zauna. "To ni ba sai an ɗora ni a kan tanki ba. Ni na fasa. Ni, kakarka. Ga ni zaune."